Ranar da Aka Jefi Jirgina a Telwa

Wata daga cikinku ta rubuto tana tambaya, wai tabon nan da ke saman girata ta hagu a hoton da na saka ranar Juma'a, na faɗuwar ƙuruciya ne ko na mene. Ƴar uwa, ba faɗuwa ba ce. Dutse ne, kuma na san mutumin da ya tara masu jifan. Wadda zuciyarta ba ta ɗaukar jini ta tsallake na yau, ba zan ji haushi ba.

Ga sababbin shigowa, sunana Kadidia, ɗiyar Malam Illiya mai gyaran injin ban-ruwa a tsohon garin Agadas. Karatun injiniya nake yi a Yamai, ɓangaren injuna, kuma ni kaɗai ce mace a ajinmu. Gidanmu ba shi da nisa da filin jirgi, don haka tun ina ƙarama in jirgi ya tashi sai in watsar da wanke-wanke in hau saman soro. Ayya, mahaifiyata, tana cewa wata rana wuyana zai sandare yana kallon sama, ta ga mijin da zai ɗauki mace mai wuyan raƙumi.

A lise, wato sakandare, na fara tono tarihin abin. Na karanta cewa waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji wasu ƴan uwa biyu ne masu gyaran keke. Da na faɗa wa Baba, ya dubi tafin hannunsa da baƙin mai ya cinye, ya yi dariya ya ce ashe dangi ne. Daga baya na ci karo da labarin wata baƙar mace a Amirka, mai gyara wa mutane farce, wadda makarantun tuƙin jirgi na ƙasarta suka ƙi karɓa, ta koyi Faransanci ta tsallaka teku ta je ta koyo. Sai kuma wasu mata baƙaƙe da suka riƙa lissafa hanyar kumbo da hannu, a ofishin da ko banɗaki ba a yarda su haɗa da fararen ba. Hotunansu ne a bangon ɗakina, inda ƙawayena ke liƙa mawaƙa.

Shekarar da nake ba ku labari sojoji ne ke riƙe da ƙasa. An daɗe da iyaka a rufe, kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa kamar baƙo mai kunya, sojojin Turawa suna haɗa kayansu, kowa yana kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. A kan wannan kuma damina ta yi mana rowa. Kawuna na Timia ya aiko cewa itatuwan lemunsa sun fara zubar da ganye. Makiyaya suna shigo da awaki kasuwa, haƙarƙari a waje, a kan hanyar Dabaga kuwa mushen dabbobi ne ke nuna maka kwana. Baba yana wuni a zaure ba mai kawo inji, don rijiyar da ta ƙafe ba ta neman mai gyara.

Shi ya sa da aka ce kowa ya zaɓi aikin ƙarshen karatu, na ce ƙaramin jirgi marar matuƙi zan ƙera, mai kamara a cikinsa, ya bi ta saman ƙoramu ya nuna inda sauran laima take ƙarƙashin yashi, masu lambu su san inda za su haƙa. Fiffikensa na yanka shi daga farin soson da ake tokare firigo, wato firiji, da shi a kwali, gangar jikin na siraran katako, tsawon fiffiken ya kai buɗin hannuwana. A saman soronmu na ƙera shi lokacin hutu, ina lulluɓe shi da tsohon zanen Ayya saboda kaji.

Abokin aikina Hassane ne, Bazabarme daga Doso. Shan inna ya shanye masa ƙafar dama tun yana goye, da sanda yake tafiya. Shi ne zai karanta hotunan a ordinater, wato kwamfuta. A aji ni da shi ake bari a ƙarshe in ana raba rukuni, mace da gurgu, haka muka saba da juna. Ya biyo ni Agadas ya sauka wurin wani danginsu kusa da tasha. Kullum da hantsi zai zo cikin rigarsa mai ruwan toka wadda wuyanta ya ƙoƙe, ya gaida Ayya da Hausarsa mai santsin Zabarmanci, ya hau matakalar soro da kyar yana cije leɓe, bai taɓa yarda in kama masa hannu ba. In kun tambaye ni a lokacin ko ina sonsa, zan ce ku daina shirme. Amma in ya makara, ni ke leƙen lungu.

To, ga kuma Chaibou.

Chaibou yana da motocin kat-kat, masu ratsa hamada, da ke kai ruwa da mai wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten, kuma yayana Inoussa ɗaya ne daga cikin direbobinsa. Tun bara yake nemana. Kada ku zaci mugu ne ko tsoho. Dogo ne, wankan tarwaɗa, in ya zo zance cikin shaddarsa mai ruwan bula da farin rawani, ƙamshinsa yakan kwana a zaurenmu. Shi ya sayo mini kamarar jirgin daga Tamanrasset ban roƙe shi ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, har a talho ɗina, wayar hannu, Mai Haƙuri na rubuta a madadin sunansa. Saƙonsa na safe ba ya fashi: "Bonjour Kadi. Injiniyata ta karya kumallo, ko sai jirgi ya ci tukuna?"

Ba wanda ya ce dole in aure shi. Abin da ake mini ya fi dole wuyar ƙi. Ayya za ta zauna tana tsince shinkafar da ya aiko, ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai kunya irinsa ba. Gwaggo Baturiya za ta zo da lafayarta mai ruwan goro, awarwaron azurfa har gwiwar hannu, ta lissafa mini sa'o'ina da suke goyon na biyu. Shi kuwa Chaibou ya ce in gama karatuna lafiya, sharaɗinsa ɗaya, bayan nan ba Yamai ba ƙasar waje, a Agadas zan zauna. Ya roƙi amsa kafin Sallar Layya. Ni kuwa akwai makarantar jiragen sama da nake mafarki, kuma ba a Agadas take ba.

Inoussa ne ya kasa haƙuri. Wata ranar Laraba da la'asar ya dawo daga hamada, ƙura har gashin ido, ya hau soro ya tarar ina ɗaura fiffike, Hassane yana zaune a kan tabarma nesa da ni da ordinater a cinya. Ko sallama bai yi ba. Ya ce a tasha ana masa dariya, ana cewa ƙanwarsa ta bar mai motoci ta kwashi gurgun baƙo suna wuni a soro. Na ce masa, Yaya, ƙofar soron a buɗe take kuma Ayya tana tsakar gida. Ban rufe baki ba na ji mari, har ɗan kunnena ya tsinke ya faɗa tsakar gida. Ya ɗaga ƙafa zai taka jirgin, na kwanta a kansa, dukan ya sauka a gadon bayana. Hassane ya yunƙura zai tashi, Inoussa ya shure sandarsa ta gangara matakala.

Baba ne ya hawo, yana haki. Bai daki Inoussa ba, bai zage shi ba. Ya ce masa kawai, muddin yana raye a gidan nan ba wanda zai sake ɗaga wa Kadidia hannu, kuma ya sauka ya ɗauko wa baƙo sandarsa. Inoussa ya ɗauko, ya jefar a gaban Hassane, ya fita. Ayya ta sa mini ruwan ɗumi a baya tana cewa in yi haƙuri, zafin rana ne da zafin talauci, kuma in duba, abincin ɗan uwana a hannun Chaibou yake.

Da yamma saƙon Chaibou ya shigo: "Na ji abin da ya faru. Ba da yawuna ba. Zan yi masa magana." Na amsa da na gode. Sai ya ƙara da tambayar ranar da za mu gwada jirgin da kuma wurin. Na ce Asabar da safe, a ƙoramar Telwa, wajen lambun Malam Tanko, abokin Baba, wanda shi da maƙwabtansa suka roƙa a fara da wajensu. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe ya ce da na ɗaga zuwa wani sati, gari ba daɗi. Na ce batiri na aro ne, ranar Litinin zan mayar.

Asabar na sa doguwar riga baƙa da wando a ciki, hijabi mai ruwan ƙasa, da takalmin roba. Muka ɗauki jirgin a mota mai kai albasa. Telwa ta bushe ƙurmus, yashi fari kamar an wanke, dabinai sun sunkuyar da kai. Malam Tanko ya tarbe mu da shayi da cuku, masu lambu suka taru da matansu, wata tsohuwa tana tambaya ko abin yana cizo.

Hassane ya zauna a gindin dabino ya buɗe ordinater. Na duba iska, na kunna, na ruga da jirgin a hannu na cilla shi. Ya ɗan yi ƙasa kamar zai ci yashi, sai ya ɗaga hanci ya hau. Ƴan uwa, ban san yadda zan gaya muku ba. Abin da na yanka da wuƙar kicin ɗin Ayya yana shawagi a saman dabinai, inuwarsa tana gudu a kan yashi. Matan suka rangaɗa guɗa. Na juya shi arewa ya bi ƙoramar har ya zama kamar shirwa, ya zaga bayan wasu duwatsu, na dawo da shi. Hassane yana dariya yana cewa in duba, akwai wani layi mai duhu a gefen gabas, laima ce ko shakka babu. Malam Tanko ya tsuguna kusa da shi yana share hawaye da bakin rawani.

Ina saukar da jirgin na ji ƙarar motoci masu ƙafa biyu. Suna da yawa, kowane moto mutum biyu ko uku, fuskoki a naɗe da rawani, hannuwa da sanduna da sarƙar moto. A lokacin samari sun kafa ƙungiyoyin sa ido a unguwanni, suna tare duk wanda ba su yarda da shi ba. Na gabansu ya tsaya, ya nuna jirgin, ya nuna Hassane. Na bayansa ne suka ɗauki ihu, wai ga ƴan leƙen asirin Turawa, ga wanda aka turo ya ɗauki hoton bariki.

Malam Tanko ya tare su da hannu biyu a sama yana rantsuwa cewa shi ya gayyato mu. Aka buga masa sanda a baki, haƙoransa na gaba suka zubo a kan gemunsa. Matan suka watse suna salati. Wani ya ɗauki ordinater ɗin ya rotsa a jikin dabino. Hassane bai iya gudu, kuma bai gwada ba. Ya ɗaga hannuwa yana cewa shi ɗalibi ne, a duba aljihunsa. Jin harshensa ya ƙara tunzura su, wani ya ce kun ji ko, ba ma ɗan garin nan ba ne. Suka ja shi ta ƙafar mai lafiya zuwa tsakiyar yashi. Da sandarsa suka fara dukansa har ta karye, sannan sarƙa. Ina jin sautin yadda take sauka a bayansa. Ya dunƙule yana kare kansa, wani ya taka hannunsa da takalmi ya murza, na ji ƙashi ya yi ƙara.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na faɗa a kansa ina cewa ni ce, ni na kawo shi, ɗiyar Illiya ce ni, kun san gidanmu. Wani ya fizge hijabina ya ja ni da gashi. Na cije shi a hannu har na ji gishirin jini. Sai duwatsu suka fara sauka, wasu a kan jirgin, wasu a kanmu. Ɗaya ya same ni a saman gira, duniya ta yi fari, sannan ta yi ja. Ta cikin jinin na hango na gaban nan, wanda ya nuna mu, yana ture mutane yana ihu a bari, ya isa, jirgin kawai aka ce a fasa. Ba mai jinsa, ni ma hayaniya ba ta bar ni na gane muryar ba. Wani ma ya kwance jarkar mai daga bayan moto yana nufo mu da ita.

Ƙarar kat-kat ce ta katse su. Ta taso daga arewa, ta cikin ƙoramar, ba ta rage gudu ba. Ta kwashe moto biyu da ke tsaye, ta watsa taron kamar kaji, mai jarkar ya yar ya ruga. Na gaban nan yana tsaye da bayansa ga motar, yana ƙoƙarin janye wani daga kaina. Ta buge shi ya faɗi, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa. Ihun da ya yi na san shi tun ina cikin zanen goyo. Rawanin ya warware. Inoussa ne.

Chaibou ya diro daga motar, ba rawani, da ƙaramar bindiga a hannu, ya harba sama. Saura suka hau abin hawansu suka ɓace. Ya zo ya ɗaga ni, ya yage hannun rigarsa ya danne mini goshi da shi. Da ya juya ya ga wanda ya taka sai ya yi zaman dirshan a yashi. Ƙashin ƙaurin Inoussa ya huda wando ya fito. Yana kallona yana cewa, Kadi, wallahi tsorata baƙon kawai na so a yi. Na juya masa baya. Na rarrafa wurin Hassane, na sa kunne a bakinsa na ji yana numfashi.

Na ga Chaibou ya tashi ya je ya tsuguna a kan tarkacen jirgin, na zaci tattara mini yake yi. Kafin mu ɗauki kowa sai ga motar sojoji, ƙarar harbin ta jawo su. Bindigar Chaibou ta riga ta ɓace. Ya yi musu bayani cikin natsuwa, suka dubi jirgin, suka dubi baƙon da ke kwance, suka ɗauki Hassane da jirgin tare suka jefa a bayan mota. Ina ihu cewa likita ya kamata a kai shi, wani soja ya ce in yi wa kaina faɗa in je a ɗinke ni.

A likita, wato asibiti, aka ɗinke mini gira ba allurar kashe zafi, don ta ƙare. Inoussa aka shiga da shi ciki, malamin jinya ya gaya wa Baba cewa ƙafar da wuya ta tsira. Bayan azahar aka maido ni gida. Tsakar gidanmu cike da mata, Gwaggo Baturiya tana kuka tana cewa ga abin da boko ya jawo, ɗa ɗaya namiji a gida an nakasa shi. Ba wadda ta ambaci Hassane.

Ayya ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce Chaibou ya je bariki ya dawo, kuma Allah ya rufa asiri, sojoji sun ɗauka jirgin na baƙon ne, ni rakiya kawai na yi. Kapitan, babban sojan barikin, da kansa ya ce a bar yarinya ta yi jinya. Abin da ake so da ni shi ne shiru. Ta kama hannuwana ta ce, "Na rasa ƙafar ɗa yau, kada ki sa in rasa ɗiya. Shi yana da danginsa, su nema masa." Na tambaye ta abin da ake yi wa wanda aka kama da leƙen asiri a wannan zamani. Ta kau da kai.

Talho ɗina yana ta haske a kan katifa. Chaibou ne: "Kadi, komai ya lafa. Ki kwanta. Kada ki fita, kada ki yi magana da kowa." Na kife shi. Na zauna ina kallon rigata a bakin gado, gabanta ya bushe da jini, ban san wanne ne nawa wanne ne na Hassane ba.

Na canja riga, na sa wani hijabin a kan bandejin, na fito. Ayya ta tare ƙofar zaure da jikinta. Baba yana zaune a kan buzunsa tun dawowarmu. Ya dube ni, ya tambaye ni ko na san abin da zai iya biyo baya. Na ce na sani. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da farar rigarsa ta Juma'a da hula, ya ce wa Ayya, "Kande, ba mu hanya. Yaron nan a gidana ya ci abinci."

Da ƙafa muka tafi bariki, rana tana dukan ƙeya, mutane suna leƙenmu daga zaure. A ƙofar bariki aka tsayar da mu har inuwa ta fara tsawo, sannan aka shigar da mu wani ofishi mai fanka da ba ta juyawa. Aka karɓi talho ɗina aka ajiye a kan tebur. Kapitan ɗin matashi ne, mai tabarau, da carbi a hannu. A kusurwa ga jirgina, fiffike ɗaya a karye, wayoyi a waje kamar hanjin kaza.

Na ce masa jirgin nawa ne, ni na zana shi, ni na ƙera shi, Hassane hotuna kawai yake karantawa, kuma ruwa muke nema wa masu lambu. Ya yi murmushi, sojojin da ke bakin ƙofa suka yi dariya a fili. Ya ce wa Baba ya ji tausayin yarinyar, soyayya ce, sun saba gani, mace takan zo ta ɗauki laifin saurayi. Ya ce in koma gida in gode wa Allah, wannan aikin ƙwararru ne, an horar da yaron a wani wuri kuma za su san inda ne kafin gobe. 

Na ce a ba ni turnabis, abin kwance kusa, da ɗan danƙo.

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya yi wa wani soja alama. Na durƙusa a kan siminti, ido ɗaya a kumbure. Na kwance murfin cikin, na jera wayoyin, ina faɗin aikin kowace da Faransanci kamar a gaban malamanmu. Na gaya masa dalilin da ya sa na lanƙwasa saman fiffiken na bar ƙasansa a miƙe, da inda nauyin jirgin yake taruwa, na ce ya sa yatsa a ƙarƙashin wurin ya gani. Ya sa, jirgin ya tsaya cak a kan yatsarsa. Na haɗa wayar da dutse ya tsinka, na maida batiri, na murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, guntuwar farfelarsa ta tada takardun teburinsa suka watse a ɗakin. Da na kashe, ba mai dariya.

Kapitan ya koma kujerarsa. Ya ce to, yanzu na sa kaina a ciki, kuma ba zai iya cire ni ba. Na ce na sani, a kai Hassane likita. Ya ba da umarni aka fito da shi. Mutum biyu ne suka riƙo shi, fuskarsa ta kumbura har ban ga idonsa na dama ba, hannunsa yana lilo, kuma akwai sababbin shaidun duka a wuyansa da ban gani ba a Telwa. Da ya gane ni sai ya girgiza kai a hankali. Ashe tun safe yake gaya musu shi kaɗai ya ƙera, ni ban san komai ba. Baba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Kapitan ya ce magana ɗaya ta rage, kuma ita za ta raba gardama. In gonaki da yashi muka ɗauka, hotunan za su nuna, ya sallame mu duka. Amma sun buɗe kamarar, ɗan memwar da hotunan ke ciki babu shi. Ya tambaye ni inda yake. Na rantse masa da hannuna na saka shi da safe.

A daidai nan talho ɗina ya yi ƙara a kan teburinsa. Ya ɗauka, ya miƙo mini in buɗe, ya karɓe. Ya karanta a zuci, sannan ya karanta a fili, a hankali, yadda kowa zai ji:

"An ce an gan ki kin fita da Baba. Kada ki je wurinsu, Kadi. Memwar yana hannuna. Jirginki ya bi ta kan motocina a bayan duwatsu, kuma kayan da ke ciki ba na idon soja ba ne. Ki bar baƙon ya ɗauka, ni zan kula da danginsa. Na roƙe ki da Allah."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa motarsa ta fito daga arewa, da abin da ya tsuguna yi a kan tarkacen jirgina. Kuma duk da haka, da bai zo ba, da an zuba mana mai an ƙyasta ashana. Tsumman rigarsa ne aka cire daga goshina a likita.

Kapitan ya juyo da fuskar talhon gare ni, ya sa yatsa a kan sunan. "Wane ne Mai Haƙuri?"

Na dubi Baba, bai ɗago ba. Na dubi Hassane, jini yana ɗiga daga yatsunsa a kan siminti.

Na ce, "Sunansa Chaibou. Shi ya ceci raina yau da safe."

Kapitan ya rubuta sunan, ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ta taga na ji ana tada motoci a tsakar bariki, ɗaya bayan ɗaya, kuma soja ya matso ya ce in tashi, da ni za a je in nuna gidan Chaibou.